Ziyara A Gidan Tarihi Na Yamai: Masu Hannu Na Jiran Masu Ido

A wannan sati shafinku zai kai ku birnin Yamai, wani wuri da kusan kowa ya san sunansa amma kaɗan ne suka san cikinsa, wato Gidan Tarihi na Ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda mutanen gari ke taƙaitawa su ce Mize. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya tafi Yamai neman takardun fiton kaya, da ma'aikacin Damagaram ko Tawa da aka kira taro a babban birni, duk sun sha wucewa ta bakin ƙofarsa cikin taksi. In ka tambaye su abin da ke ciki, sai su ce maka zaki da kura da dorina, wurin kai yara ran sallah. Ba ƙarya suka yi ba, dabbobin suna nan. Amma wanda ya tsaya ga kejin kura ya juya, kamar mutumin da aka gayyata walima ne, ya sha ruwa a zaure ya koma gida.

Gidan yana bisa gangaren da ke sauka zuwa kogin Isa, ba nisa da otel Gaweye da gadar Kennedy, cikin fili mai faɗin hekta 24. An buɗe shi ranar 18 ga watan Disamba na 1959, shekara guda daidai da kafa Jamhuriya, tun ba a kai ga samun ƴancin kai ba. Mutum biyu ne suka tsaya tsayin daka har ya tabbata: marigayi Bubu Hama, malami marubuci, wanda ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa 1974, ya rasu a 1982, da wani Bature mai suna Pablo Toucet, wanda shi ne darektan farko. A 2008 aka sa ma gidan sunan Bubu Hama. Abin da ya bambanta shi da gidajen tarihin Turai shi ne ba a gina shi soro guda mai ƙofa a rufe ba. An warwatsa ƙananan zauruka cikin itatuwa, farare masu adon shuɗi irin na ginin Hausa, aka bar hanyoyi tsakaninsu yadda manomi da baƙauye da ɗan lakwal za su shiga ba tare da jin sun shigo gidan da ba nasu ba. Nufin magabatan shi ne Bazabarme ya ga kayan Babarbare, Bahaushe ya ga na Batube, domin ƙasar da aka haɗa da alƙalami ta haɗu kuma da ido.

Wanda yake son ya amfana da ziyarar, ya fara da zauren tufafi. A nan ne aka jera suturar al'ummomin ƙasar nan: riga mai aska da wando buje, rawanin Buzaye mai baba, adon ƴan matan Fulani, bargon tera-tera na Zabarmawa, kayan doki da na raƙumi. Mai sayar da yadi zai fi kowa daɗewa a wannan zaure, domin shi ya san bambancin zaren da aka kaɗa da hannu da wanda inji ya fitar, shi ya san kwana nawa ɗinkin wuyan riga guda ke ci. Daga nan sai zauren kayan kiɗa, inda goge da gurumi da molo da kalangu da algaita da kakaki suke rataye shiru. Can gaba kuma an gina gidaje na gaskiya, na laka da na kara da tantin fata, kowanne da shimfiɗarsa da ƙorensa, yadda mutum zai taka daga Adar zuwa Manga cikin minti biyar.

Akwai kuma zauren da ya tattara hotunan zanen duwatsu na Abzin da Jado. Dubban shekaru kafin a san takarda a wannan yanki, waɗansu mutane sun zauna gaban dutse sun sassaƙa shanu da jiminu da giwaye da raƙuman dawa. Mafi shahara cikin irin wannan aiki su ne raƙuman dawa biyu na Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, waɗanda babban cikinsu ya haura mita 5. Duk mai cewa zane baƙon abu ne da Turawa suka kawo mana, ya shiga wannan zaure ya sake shawara. Kusa da nan akwai ƙasusuwan dinozor, waɗancan manyan halittu da suka ƙare tun kafin ɗan Adam, waɗanda masanin Faransa Philippe Taquet ya fara tonowa a Gadufawa daga 1965. Akwai kuma ɗan ɗakin da aka ajiye iccen Tenere, ƙayar nan da ta tsaya ita kaɗai tsakiyar hamada tana nuna ma ayarin gishiri hanyar Bilma, har wata babbar mota ta kayar da ita a 1973, aka ɗauko gawarta zuwa Yamai cikin watan Nuwamba na wannan shekara.

A zauren kayan da aka tono daga ƙasa ne ya kamata mai ziyara ya rage sauri, domin a nan akwai darasi mai ɗaci. A 1975 aka gano wata tsohuwar maƙabarta a Bura, cikin ƙasar Tera. A 1983 masanin tarihi Bube Gado na cibiyar bincike ta IRSH ya jagoranci tono, aka samu tuluna na yumɓu sama da 600 a kife, waɗansu da kawunan mutane a bisansu, da gutsattsarin wani mahayi da dokinsa da aka sake haɗawa da haƙuri. Waɗansu daga cikin kayan sun haura shekara 1000. A 1993 aka buɗe wani babban baje koli a Paris mai suna Vallées du Niger, duniya ta ga gwanintar mutanen Bura. Sai dai ganin ya zo da kwaɗayi. Dillalai suka bazu cikin ƙauyuka, talakan da fari ya cinye gonarsa ya ɗauki diga, aka riƙa saye da ƴan jikkuna abin da za a sayar da miliyoyi a Turai da Amurka. Gwamnati ta kafa doka mai lamba 97-022 ranar 30 ga watan Yuni na 1997 domin kare kayan tarihi, a 2000 kuma ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda aka fi sacewa a Afirka. Amma tulun da aka fasa da dare ba ya komawa, kuma labarin da ke cikinsa ya tafi ke nan. A 2020 mahayin Bura ya je har birnin New York bisa aro, dubban baƙi suka tsaya gabansa. Ƴan ƙasa nawa ne za su gane shi in an nuna musu hotonsa?

Daga matattu sai masu rai. In ka gangara ɓangaren masu sana'a, ƙarar guduma ce za ta fara tarbarka. Tun farkon gidan aka yi dabarar zaunar da masu aikin hannu cikinsa, su yi aiki a gaban jama'a, su koyar da yara, su sayar. Ga maƙeran farfaru na Buzaye suna narka azurfa suna zuba ta cikin ƙirar kakin zuma, suna fitar da abin wuyan nan da Turawa ke kira Croix d'Agadez, wanda Tawa da Damagaram da Ingal da Bilma kowanne yake da irin nasa. Ga dukawa suna rina fatar akuya suna yanka ta siriri kamar zare, suna fitar da alabe da zabira da takalmi. Ga masaƙa da masassaƙa da masu tukwane. Wannan shi ne baje kolin da ba a rufe shi, wanda kullum ake sake kayansa. A zauren tufafi ka ga abin da kakanni suka yi, a nan ka ga jikokinsu suna yi, tsakanin wuraren biyu taku kaɗan ne.

In ka fito ka tsallaka titi, ga cibiyar al'adu wadda shekaru da dama aka sani da sunan cibiyar Faransa da Nijar, daga baya aka ƙara mata sunan Jean Rouch. A cikin zaurenta ne masu zanen fenti da masu ɗaukar hoto na ƙasar nan da yawa suka fara rataye aikinsu gaban jama'a. A 2024 hukumomi suka sa mata sunan Mustafa Alasan, wanda ya rasu a 2015. Mutanen Tawa sun san shi sarai, domin a can ya zauna shekaru masu yawa. Da zane ya fara kafin ya zama ɗaya daga cikin Afirkawan farko da suka yi sinima da hotunan zane masu motsi, tun cikin shekarun 1960. Ƙasar da ta haifi irinsa, da irin Risa Iksa mai zanen rayuwar Buzaye, ba ta rasa gwanaye ba. A watan Disamba na 2005, lokacin da Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci karo na 5, zane da sassaƙa da hoto suna cikin gasar, kamar yadda kokowa da gudu suke ciki.

To, ina matsalar take? Matsalar ita ce mai saye. Tun da aka kafa waɗannan wurare, wanda ke shiga zauren zane ya fito da allo a hamata, ko ya tsaya gaban maƙeri ya biya ba tare da ya raina aikin ba, galibi baƙo ne: ɗan yawon buɗe ido, ma'aikacin ofishin jakadanci, wakilin ƙungiyar agaji. Mu kuwa muka saki jiki, muka ɗauka wannan kasuwar Turawa ce. Sai abubuwa suka riƙa sauyawa. Tawayen arewa na 1990 zuwa 1995 ya rage baƙi. Karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ta ninka kuɗin fenti da azurfa da duk abin da ake shigowa da shi. Sace mutane a Arlit a 2010 da Yamai a 2011, da kisan Kure na 2020, suka kusan tsayar da yawon buɗe ido ɗungurungum. Bayan sauyin mulki na watan Yuli na 2023 wani kaso na baƙin da suka rage ya tattara kayansa. Kowa na da ra'ayinsa game da waɗannan al'amura, amma ɗan kasuwa ya san abu guda: hajar da mai sayenta ɗaya ne, ran da ya yi tafiya ta zama kaya. Maƙerin da ya wuni bai yi ciniki ba, gobe ɗansa zai ajiye guduma ya hau kabu-kabu, kuma sana'ar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana gado, cikin ƙarni guda take yankewa.

Waɗansu za su ce zuciyarsu ba ta kwanta da surar mai rai ba. Wannan magana ce ta malamai, mun bar musu. Sai dai mafi yawan abin da ke wurin nan babu sura cikinsa. Dagi ne, da layi, da launi, irin wanda maginan unguwar Birni ta Damagaram suka yi ma fuskar gidajen attajirai, irin wanda ke jikin tabarmar Madawa da tulun Miriya. Su waɗancan attajirai ba jahilai ba ne, ba kuma marasa addini ba. Sun san cewa arzikin da bai bar alama ba, da mai shi ake binne shi. Sun ci ribar fatauci zuwa Kano da Tarabulus, suka kira magini suka biya shi, shi ya sa har yau baƙo ke tsayawa a ƙofar gidajensu.

Saboda haka kira na farko gare ku ne, alhazai ƴan kasuwa. Wanda ya gina bene ya shimfiɗa masa darduma daga Dubai, bango guda ba zai gagare shi ba, ya rataya masa aikin ɗan ƙasa. Wanda ke raba tsaraba ga abokan ciniki na Kano da Kwatano da Lome, ya sa aikin dukawanmu cikin tsarabar. Wanda kuma aka kawo ma tsohon tulu ko kan mutum na yumɓu a asirce aka ce akwai riba, ya san doka ta hana, ya kuma san abin da zai sayar ba nasa ba ne shi kaɗai.

Kira na biyu gare ku ne, ma'aikata. Kyautar da ake ba baƙon gwamnati, da adon zauren taro, da lambar yabon wanda ya yi ritaya, duk da kuɗin jama'a ake sayensu, ya kamata su koma hannun jama'a. Ɗan duwan da jandarman da ke bakin iyaka su ne ƙofar ƙarshe tsakanin kayan tarihinmu da jirgin Turai. Mushen lakwal kuwa, in ya kai yara wurin, kada ya tsaya da su gaban birai kaɗai. Damagaram da Doso suna da nasu gidajen tarihi, manyan garuruwanmu suna da gidajen al'adu masu zauruka da bangaye. Magajin garin da ya ware sati guda cikin shekara ya tara masu zane da dukawa da masaƙa na yankinsa, ya gayyaci attajirai su buɗe ciniki, bai kashe abin da ya kai kuɗin walimar taro ɗaya ba.

Bubu Hama da abokan aikinsa sun gina wurin nan lokacin da ƙasar ba ta da uraniyom a kasuwa, ba ta da man fetur, ba ta da ko gada bisa kogi. Sun yi nasu. Duk wanda Allah ya kai shi Yamai, ya ware awa biyu tsakanin hantsi da azahar, ya shiga, ya wuce kejin kura, ya duba da kyau, ya tambayi mai aiki sunan abin da yake yi, in da hali ya taya. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Allah ya ba mu ikon riƙe abin da muka gada. Sai sati mai zuwa, in mai duka ya kai mu.