Ranar da iska ta tsere wa motarmu tsakanin Ajekoriya da Kornaka

 Yau labarin kanmu za mu ba ku, kuma tun da fari mu faɗa muku: a cikinsa ba mu ne muka yi abin kirki ba.

Mu bakwai ne muka tashi daga Dakoro bayan sallar asuba, cikin tsakiyar hunturu, kowa ya naɗe kunne da rawani. Ɗaurin auren ƙanenmu za mu je a Maradi, an sa ƙarfe 10 na safe. Sadaki yana aljihun babban wanmu, wanda shi ne waliyyin ango, goro da dabino suna cikin buhu a ƙarƙashin kujera. Mun shiga babbar bas, cike take maƙil, da ƴan kasuwa, da ɗalibai, da mata masu goyo. Da lissafinmu, kafin ƙarfe 9 mun wuce Tibiri mun shiga gari, har mu sami lokacin canza riga.

Mun wuce Ajekoriya kaɗan, rana ta fara fitowa cikin hazo, sai muka ji wani kuka siriri daga gaban direba, kamar na wayar da cajinta ya ƙare, amma shi ba ya yankewa. Mu da ke kujerun gaba mun ga ya kalli agogon da ke gabansa, ya sake kallo. Bai ce komai ba. Ya sassauta gudu, ya sauya giya zuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ya gangara gefen gudiro a hankali, ya ja birkin hannu. Sai ya juyo ya ce: "Jama'a, ku yi haƙuri ku sauka. Iska na zuba."

Wani daga baya ya ce, "To in taya ce a canza mana!" Direba ya ce ba taya ba ce, birki ne.

A nan ne da yawanmu muka fara sanin cewa babbar mota ba da mai take kama birki ba kamar ƙaramar mota, da iska take kamawa. Inji yana juya kwamfaresa, ita kuma tana ɗura iska cikin tankunan ƙarfe da ke ƙarƙashin mota. Agogon nan na gaban direba shi ke nuna ƙarfin iskar, kuma a irin motarmu allurar tana zama wajen bar 8 idan komai lafiya. Don ku gane nauyin abin, tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗan wani abu take sha. Idan direba ya taka birki, iskar ce ke bi ta tiyo ta tura wata roba mai faɗi cikin wani kwano da ke bayan kowace taya, wanda masu gyara ke ce wa pumo, wato huhu da Faransanci. Idan allura ta faɗo ƙasa da bar 6 ko kusa da haka, ƙararrawa ta fara kuka. Kukan da muka ji ke nan.

Aparanti ya sauko da katakai ya tokare tayoyin gaba da na baya, ya karyo rassan itace ya jera a kan hanya nesa da mota, gaba da baya, don masu zuwa su gani. Direba ya koma ya tayar da inji, ya ɗan ba shi wuta. Muna tsaye a bakin ƙofa muna leƙe. Allura ta fara hawa, 6, 7, har 8. Ƙararrawa ta yi shiru. Can ƙarƙashi muka ji "tusss", irin atishawar nan da manyan motoci ke yi a tasha idan tanki ya cika.

Wallahi sai da wasu suka yi kabbara. Mata suka fara komawa ciki. Wanmu ya dubi agogon hannunsa ya ce, "Alhamdu lillahi, ta gyaru. Malam direba, mu kama hanya."

Direba ya ce, "Alhaji, tsaya ka gani." Ya saki birkin hannu. Nan take sai ga shuuu daga ƙarƙashin mota, allura ta fara saukowa a kan idonmu, ba a jima ba kukan ya dawo. Ya sake jan birkin hannu, shuuu ɗin ya ɗauke, allura ta tsaya.

Sai ya yi mana bayani, kuma mun riƙe shi don bayani ne mai amfani. Ya ce neman inda iska ke zuba tamkar tambayar mara lafiya ne, yaushe ciwon ke tashi. In allura ba ta hawa sam ko da an ba inji wuta, a fara duba kwamfaresa da bututun da ya fito daga gare ta, da na'urar da ke busar da iska, don wani lokaci bawul ɗinta kan maƙale a buɗe ta yi ta zubarwa. In ta hau amma da an kashe inji sai ta sauko ba a taɓa komai ba, to tanki ne, ko maƙunnin da ke gindinsa, ko tiyon da ke tsakani. In sai an taka birkin ƙafa take zuba, a bi layin birkin ƙafa da robar cikin pumo. In kuwa sai an saki birkin hannu, kamar tamu, to laifin yana layin birkin hannu.

Dalili kuwa shi ne birkin hannun babbar mota a juye yake aiki. A cikin pumo na tayoyin baya akwai wani ƙaton sifirin na ƙarfe wanda kullum yake son danne birki. Iska ce ke tura shi baya ta riƙe shi don mota ta iya tafiya. Jan birkin hannu sakin iskar ne, sifirin ya danne. Don haka idan iskar layin nan ta ƙare ana cikin gudu, mota da kanta za ta kama birkin baya, ko direba ya so ko bai so ba. An yi haka ne da gangan. Tunanin ya samo asali daga jiragen ƙasa: wani Ba'amurke, George Westinghouse, ya yi rajistar birkin iska a 1869, sannan a 1872 ya fito da wanda idan tiyo ya tsinke jirgi zai tsaya da kansa. Yau tirela da bas, har da manyan motocin nan masu ɗaki da gado a ciki da Turawa ke yawon duniya da su, duk a kan wannan hikimar suke: in iska ta gudu, a tsaya. Amma tsayawar da ka zaɓa da kanka a gefen hanya daban take da wadda ta zo maka kana gudu, da mutum sama da hamsin a bayanka.

Saura a gano wurin. Ya kashe inji, ya ce kowa ya yi shiru. Ku da kuka san mu, kun san wannan ya fi gyaran wuya. Ga iskar hunturu tana kaɗawa, ga jarirai, ga masu waya suna ba da labari. Sai da wani dattijo ya daka tsawa aka natsu. Direba ya sake duba katakan da aka tokare tayoyi, ya tabbatar sun zauna, kafin ya bar yaronsa ya shiga ƙarƙashi. Aparanti ya kaɗa omo cikin buta, direba ya saki birkin hannu, yaro yana bin tiyo yana yayyafa ruwan kumfa. Bai daɗe ba ya ɗaga murya: "Ga ta nan, maigida!" Wani siririn tiyon roba mai tauri ne da ke bin jikin ƙarfen mota zuwa tayoyin baya. Maɗaurinsa ya karye tun ba yau ba, ya yi ta goga da ƙarfe a kowane rami, har ya tsage. Tsagar ba ta kai tsawon farce ba. Ita ce ta tsayar da mu duka.

Ƙarfe 8 ta gota. Daga nan ne halinmu ya fito.

Wani ɗan kasuwa ya yanko robar tib ya ce a naɗe. Direba ya ce ba za ta riƙe ba, amma don a huta da gardama ya bari aka gwada. Aka naɗe tam, aka ɗaure da waya. Allura ba ta kai 5 ba robar ta kumbura kamar balan-balan ta fashe ta gefe.

Sai ɗaya daga cikinmu, wanda ya taɓa bin mota a samartakarsa, ya ce ai akwai dabara: a toshe tiyon, a warware dogon kusar da ke bayan pumo don ta janye sifirin, mota ta saki, mu tafi da birkin ƙafa kawai. Da muka ji akwai hanya, sai muka yi wa direba caa. Muka ce hanyar shimfiɗe take, babu dutse babu gangara. Muka ce aure ne, mutuncin gida ne, dangin amarya suna jira. Wani ya ce in tsoro yake ji ya ba wani tuƙin. Wanmu, mutumin da bai saba ɗaga murya ba, ya ce, "Yaro, mi kake nufi? In ƙarin kuɗi kake so ka hwaɗi."

Direban ya yi shiru na ɗan lokaci. Sa'annan ya ce, "Baba, kusar ga don jan mota zuwa gareji anka yi ta, ba kowa ciki. In na warware ta, ba ni da birkin hannu. In wani tiyo ya sake tsagewa gaba, ko saniya ta hito mani Sabon Mashi, da mi zan tsaida ku? Ku zage ni yau, na yarda. Ban iya kai gawa gidan biki." Ya kuma gargaɗi yaronsa a gabanmu cewa ko da wasa kada ya taɓa kwance kwanon pumo kansa, don sifirin da ke ciki in ya kuɓuce yana iya kashe mutum.

Ba mu ji daɗi ba. Gaskiya wasunmu sun koma gefe suna gunaguni, har da cewa ba za su ƙara shiga motarsa ba.

Gyaran gaskiya ƙaramin abu yake buƙata: a yanke wurin da ya tsage, a haɗa bakin biyu da rakor. Direba ya zazzage gwangwanin kayansa, ya sami guda, amma na tiyo mai milimita 12 ne, namu kuwa 10. Aka tsayar da kabu-kabu zai kai aparanti Kornaka ya nemo. Kafin su tashi sai ga wani kamyo ɗauke da shanu ya fito daga wajen Dakoro. Ganin rassan itace ya tsaya da kansa. Direbansa ya sauko, suka gaisa, ya buɗe nasa gwangwanin, ga rakor na 10. Aka miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce gobe shi ne a gefen hanya.

Aka yanke tiyo da wuƙa mai kaifi, yanka a miƙe, aka haɗa, aka ɗaure shi nesa da ƙarfen da ya cinye shi. Mu har mun fara hawa, direba ya ce tukuna. Ya cika tanki har ta yi atishawa, ya kashe inji, ya saki birkin hannu, ya zauna yana kallon allura mintuna. Ba ta motsa ba. Ya taka birkin ƙafa ya riƙe, ta ɗan sauka kaɗan ta tsaya cak. Ya yi ta takawa yana saki har ƙararrawa ta yi kuka, don ya tabbatar tana nan da ranta. Ya sa yaro ya ja maƙunnin gindin kowane tanki, ruwa mai gauraye da baƙin mai ya tsiyayo. Ya ce wannan aikin kowace safiya ne, don ruwan nan shi ke cin tanki da bawul daga ciki. Bayan haka ya sake cikawa, muka tashi.

Ɗaurin aure fa? An ɗaura ƙarfe 10 daidai, muna tsaye cikin rairayi. Wanmu ya buga waya ya wakilta kawunmu da ke zaune a Maradi, kawu ya ba da sadaki daga aljihunsa, aka shafa fatiha. Abin da muka yi ta tayar da jijiyar wuya a kansa, waya ɗaya ta warware shi. Mun isa ana kiran azahar, muka tarar da shinkafa ta huce, abokan wasa suka yi ta yi mana tsiya cewa dangin ango sun zo cin saura.

A tashar Maradi, da muka sauko, wanmu ya kwance buhu ya ɗebo goro cike da hannu biyu ya je wurin direba. Ya ce, "Ɗana, ka yahe mani maganar ɗazu." Direba ya karɓa da hannu biyu ya ce ba komai, ya saba.

Wannan "na saba" ita ce ta hana mu barci, ita ce kuma ta sa muka rubuto. Idan an yi haɗari a hanyoyinmu, bakinmu ɗaya: direbobi ba su da hankali, masu mota ba sa gyara. Sau da yawa gaskiya ne. Maɗaurin tiyon nan da an duba shi a gareji da ba mu tsaya ba, kuma mun san akwai masu cire wayar ƙararrawa don kukanta ya dame su. Amma ranar nan mun ga ɗaya ɓangaren da idonmu. Direba ya tsaya a kan gaskiya, mu fasinja, har da masu furfura, muka taru muna tura shi ga abin da zai iya halaka mu. Da ya kasance mai raunin zuciya, ko mai tsoron kada a kai ƙararsa wurin mai mota, da ya bi mu.

Don haka ƴan uwa, in kun shiga babbar mota kuka ga direba ya tayar da inji ya zauna bai motsa ba, ba lalaci ba ne, iska yake jira ta cika. In kun ji kukan nan ana cikin tafiya kuma direba bai kula ba, ku yi masa magana. In kuwa ya tsaya da kansa, ku sauka, ku matsa nesa da gudiro, ku riƙe yara, ku yi masa shiru ya ji inda take zuba. Ku kuma direbobi da aparanti, rakor na 8 da na 10 da na 12 da ɗan guntun tiyo ba su cika gwangwanin madara ba.

Direban nan ba mu tambayi sunansa ba, kunya ta hana. In wannan ya kai gare shi, mutanen auren nan bakwai suna gaishe shi. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.