Mun je kallon bayan gari kafin mu ɗauki kaya

A taron asusu na bayan girbi mun yi alkawali za mu ba ku labarin yawon da muka yi, to ga shi.

Kun san abin da ya tashe mu. Gonar da kakanninmu suka noma an raba ta har ta zama kamar tabarma, kuma in ƙasa ta yi ƙaranci gamanar mace ake fara karɓewa. Gida uku cikin ƙungiyarmu sun yanke shawarar komawa gari a bakin kwalta, inda man gyaɗa da ƙuli-ƙulinmu za su samu mai saye kullum. Kuɗin fili kuwa rabinsa rance ne daga akwatinmu, wato zubin mata 28. Shi ya sa muka ce ba za a saya da ji-ta-ji-ta ba. Mu huɗu aka wakilta, da littafi da biro, muka bi garuruwa uku da ke kan babbar hanya mai lamba 1: Gazawa, Agye da Gidan Rumji.

Gazawa muka fara. Da can ƙarƙashin Agye take, sai a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta, kuma tun daga nan ma'aikata suke zuwa, masu kuɗi suna gina gidajen haya. Wani dillali ya kai mu bayan gari, ya tsaya cikin karan hatsi yana nuni da hannu: nan za a yi titi, can masallaci, can lakwal. Mu dai kara muke gani da tumaki. Ya ce, "Hajiya, in ba ku biya yau ba gobe wani ya ɗauka." Babbarmu ta ce masa, "Ɗana, in rabonmu ne zai jira mu."

Da ya tafi muka shiga gidan da ke kusa muka nemi ruwan sha. A nan muka samu labarin gaskiya. Matar gidan ta nuna mana layin da ruwa ya bari a jikin katanga, ya kusa kai gwiwa. Ta ce, "Wallahi yaya, da rani munka saye. Da malka ta zo sai da munka kwashe ɗiya zuwa gidan maƙwabta." Wurin kwari ne, kuma kusa da shi akwai kududdufin da masu bulo suka gina. Da rani ba ka ganin komi sai yashi mai kyau. Tun daga ranar muka canza dabara: duk filin da aka nuna mana, sai mu bar mazan suna ciniki mu je wajen matan unguwa. Nawa ake sayen bidon ɗin ruwa? Yaushe famfo yake kawowa? In naƙuda ta tashi da dare, amalanke na iya shigowa? Ina injin niƙa?

A Agye muka fi daɗewa, kwana biyu, don a nan muka koyi maganar takarda. Filayen bayan gari iri biyu ne, kuma da ido ba a bambanta su. Akwai wanda ma'aikatar magajin gari ta yanka, aka kafa duwatsun iyaka, kowane fegi da lambarsa da takardar mallaka daga ma'aikatar. Akwai kuma gona ce kawai mai ita ya tsaga yana sayarwa. Ta biyun ta fi araha nesa ba kusa ba, shi ya sa take jan talaka. Amma ranar da yanka ya iso wurin, titi yana iya bi ta tsakar ɗakinki, ba wanda ya yi miki alkawalin komi. Ga kuma magada: ka saya hannun wa, ƙane ya dawo daga Agadas ko Libiya ya ce shi bai sa hannu ba.

Tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo, a ƙauye, a komin, da gunduma. Su ke ba da takardar shaidar sayen gona. Mun je mun tambaya, aka bayyana mana cewa mace tana iya sa sunanta ita kaɗai a takarda, kuma ƙungiya mai rajista ita ma haka. Wannan ya yi mana daɗi ƙwarai. A nan ne kuma karatun yaƙi da jahilci ya biya mu. Wani ya miƙo mana takarda, muka duba, lambar fegin da ke rubuce daban da wadda ke jikin dutsen. Ya ce kuskuren biro ne. Muka ce to a gyara biron, mu dawo. Ba mu koma ba.

Agye ta burge mu ta wani fanni. Ƙasar aya ce da gyaɗa, kuma Cadawa na kusa, ba za mu rasa kayan aiki ba. Sai dai wani abu ya tsaya mana a rai. A ƙauyukan yankin, irin su Ɗan Saga, mutane sun yi shekaru suna sassaben zamani, suna barin gawo da kalgo da sabara su tashi cikin gona. A sabuwar unguwa kuwa abin da ake fara yi shi ne sare itace. Mun tsaya da azahar a wani fegi, ko inuwar da za a aje jariri babu. Itacen girki da muke samu daga reshen gonarmu, can saye ne kullum.

Gidan Rumji tana yamma, sai an wuce Maraɗi da Tsibiri. Garin yana da kasuwa, ga Gulbin Maraɗi kusa da masu lambu. Tun 2019 gundumar ta karɓi dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara, wasu aka zaunar da su wajen Cadakori, kuma mutanen ƙauyukan bakin iyaka ma suna matsowa gari don tsoron ƴan bindiga. Allah ya kawo sauƙi. Mun kwana ɗaya gidan wata shugabar Mata Masu Dubara, ta karɓe mu kamar ƴan ɗaki ɗaya, ta ce ɗakin haya ya yi wuyar samu. Mu kuma muka lissafa kuɗin mota in an yi rasuwa ko suna a gida, muka ga ya yi mana nisa.

Ga inda muka tsaya. Ba a taɓa akwati ba tukuna. Akwai fegi biyu a Agye masu lamba, kan tudu, da muka kai lambobinsu ma'aikatar magajin gari don a duba mana cikin rajista. Gida ɗaya cikin ukun zai kama haya a unguwar tun yanzu, su zauna damina guda su gani, sauran biyun su yi noman bana a gida. Ita wadda za ta fara tafiya ta roƙi kada a cire sunanta daga asusu, za ta riƙa aiko zubinta ta hannun direban kasuwa, kuma taro ya yarda. Mu huɗun za mu koma cikin watan 8, washegarin babban ruwa, mu taka filayen da ƙafarmu. Duk wadda ke da ƴar uwa a bayan garin Agye ta sanar da mu kafin lokacin, muna son gidan da za mu shiga mu yi tambaya.