Makullin da Ke Adakar Kawu

A ƙasan adakar kawuna a Kurfi akwai wata tsohuwar fasta da gara ta ci gefenta: hoton Malam Aminu Kano, ga makullin PRP a ƙarƙashi. Da an kaɗa gangar zaɓe sai ya ciro ta, ya shafa, ya ce, "Ai siyasa ta tafi tun 1983."

Na daɗe ina zaton arahar wancan zamani yake kewa. Sai wata ranar kasuwa, muna dawowa daga Dutsin-Ma, na tambaye shi.

"Ɗana, kai ba ka san haraji ba," in ji shi. "Da idona na ga an shanya dattijo a rana, jikokinsa na kallo." Ya ce da Balarabe Musa na PRP ya ci gwamnan Kaduna a 1979 (Katsina ba ta zama jiha ba sai 1987), ya soke haraji da jangali, har Fulanin rugage sun shigo gari murna. A lokacin talaka ya gane ƙuri'arsa tana da nauyi. Na yarda da shi, kuma ina ganin wannan abin kewa ne da gaske.

Amma na ce, "Kawu, ai zamanin bai yi daɗi haka ba." Majalisar da jam'iyyar NPN ta fi rinjaye a ciki ta hana Balarabe naɗa kwamishinoni, ta tsige shi a Yunin 1981, Abba Musa Rimi ya gaje shi. Ita kanta PRP ta rabe gida biyu, Santsi da Taɓo.

Ya yi shiru har muka kusa gida. Ashe shi ɗan Taɓo ne, amininsa kuwa ɗan Santsi, suka shekara biyu ko gaisuwa babu. Rasuwar Malam a Afrilun 1983 ce ta haɗa su a mota ɗaya zuwa gidansa na Gwammaja ta'aziyya, kowa na share hawaye da hannun riga. A nan na fahimci kewa takan ari sunan zamani, alhali mutum take nema. Tun ranar na daina yi wa dattawa gardama da tarihi in suna begen da.

Da daddare ya kira ni ɗakinsa, ya juya fastar. A bayanta akwai sunan aminin nasa da ajami, tawadar ta koɗe. "Tasa ce," ya ce. "Bana shekararsa tara a ƙasa. Allah ya jiƙansa."