Daga Moniya zuwa tsohon gidan yarin Ikko

Mu mazauna Akinyele jirgin ƙasa a bakin ƙofarmu yake. Da sanyin safiya na shiga a tashar Moniya, wadda aka raɗa wa sunan Obafemi Awolowo, muka ratsa Abekuta, kafin azahar muna Ebute Metta. Daga nan mota ta haye da ni gada zuwa tsibirin Ikko, titin Broad, inda Freedom Park yake.

Nan ne gidan yarin da Turawan mulkin mallaka suka gina tun ƙarni na 19. Bayan an daina ɗauri a cikinsa aka rushe shi, ya daɗe a kufai, sai a 2010, da Najeriya ta cika shekara 50 da samun 'yanci, aka buɗe shi wurin tarihi bisa zanen Theo Lawson. Tsohuwar katanga tana nan. Herbert Macaulay ya kwana a bayanta, haka Anthony Enahoro da Michael Imoudu, jagoran ma'aikata. Shi ma Awolowo mai tasharmu a nan aka tsare shi. A 1963 aka yanke masa shekara goma, ya ƙarasa a Kalaba har Gowon ya sake shi a 1966.

Na shiga ɗaya daga ɗakunan da aka sake ginawa a kan tsohon ma'auni. Na buɗe hannuwa, tafin dama da na hagu duk suka taɓa bango. Inda ake rataye mutane kuwa yanzu dandalin kiɗa ne. Wani dattijo ya ga na tsaya jugum, ya ce, "Ɗana, gara ganga da igiya." Na ce, "Haka ne, Baba," amma raina bai kwanta ba.

Manya an san sunayensu. Ina talakan da aka ɗaure kan kuɗin haraji ko satar doya? Irinsu ba su ƙare ba. Mafi yawan waɗanda ke gidajen yarin ƙasar nan yau jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. A unguwarmu mun san yadda abin yake: yaro ya zo cirani daga Arewa, yana dako ko acaba, samame ya rutsa da shi, ba Yarabanci, ba Turanci, ba mai tsaya masa beli. Sai dattawan unguwa sun yi karo-karo sun bi sawu, wani lokaci bayan iyayensa a ƙauye sun riga sun fid da rai.