Auren Nesa Da Ciwon Sukari: Wa Zai Zame Mata Dangi?

Ina so ki ɗan tsaya ki lissafa matan unguwarku waɗanda aure ya kawo su daga nesa. Ban sa wadda aka ɗauko daga Yabo ko Dange a lissafin ba, domin ita in ranta ya ɓaci da hantsi, kafin azahar tana ɗakin uwarta. Ina nufin wadda sai ta ƙetare iyakar ƙasa kafin ta ga danginta. A Boɗinga da Shagari muna da su, musamman 'yan Nijar: 'yan Ƙonni, 'yan Tawa, 'yan Dogon Dutsi. Ƙasarmu ta saba da baƙi tun zamanin da Shehu Usmanu ya zauna Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, almajirai na zuwa masa ta ko'ina. Harshenmu ɗaya da waɗannan mata, alƙiblarmu ɗaya, har mukan manta cewa baƙi ne. Wannan mantuwa ba ta da illa muddin akwai lafiya. Ranar da ciwon da ba ya warkewa ya kama ɗayarsu, ranar ce za ki gane bambancin mai dangi kusa da wadda nata ke bayan iyaka.

Akwai wata ɗalibata a ajin matan aure, 'yar Tawa ce, ta girme ni, shi ya sa nake ce mata Yaya, ita kuma tana ce mini Malama. Da izininta nake ba ki labarinta. Mijinta mutumin Shagari ne, a Boɗinga suke zaune, kuma ta shekara takwas da ciwon sukari. Da ƙwaya ta fara, yanzu allurar insulin take yi wa kanta safe da yamma.

Wahalarta ta farko ko kusa ba ta abinci ba ce, ta takarda ce. A Tawa aka fara gano ciwon, aka rubuta mata sakamako da Faransanci. A can da giram cikin lita ake lissafin sukarin jini, a nan kuwa na'urorinmu da wasu ma'aunai biyu suke aiki. Adadin da likita ke cewa mutum ya shiga ciwon idan an auna shi bai ci komai ba, a takardar Nijar 1.26 ne, a wata na'urar nan 126, a wata kuma 7. Duk abu ɗaya ne. Ki duba halin mace da ba ta yi boko mai zurfi ba, jiya an ce mata ɗaya da ɗigo, yau an ce ɗari da wani abu. Ta ce mini daren ranar ba ta runtsa ba, ta ɗauka ciwon ya ninka sau ɗari. Sai da wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ita, ta rubuta mata lambobin uku a jere a bayan katinta, sannan hankalinta ya kwanta.

Sai zafin ƙasarmu. Insulin ba ya son zafi, ga shi daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura maki 40, wutar lantarki kuwa kin san halinta. Kwalbar da aka buɗe kusan mako huɗu take yi idan ba ta sha zafi ba. Yaya ta samu tukwanen ƙasa biyu, ƙarama cikin babba, ta zuba yashi tsakaninsu tana jiƙa shi, ta rufe da ɗanyen ƙyalle a inuwa, maganin kuma yana cikin gwangwani mai murfi don kada ruwa ya taɓa shi. Wannan dabara ta tukunya cikin tukunya ita ce ta sa wani malami ɗan Arewa, Muhammad Bah Abba, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da lokacin shagali. Mu Hausawa da abinci muke nuna ƙauna, kuma da kara muke karɓarta. Ranar Sallah bayan an sauko daga idi, sukan ɗunguma zuwa Shagari gaida uwar miji. Ɗaki biyar za ta shiga, kowane da abin da aka tanadar mata: nan fura da sukari, can waina da zuma, gaba alkaki da dubulan da lemun kwalba. 'Yar gida za ta iya ture kwano ta ce, "Inna, kin san ba na sha," a yi dariya a wuce. Baƙuwa in ta ture, kafin la'asar magana ta zaga gida cewa 'yar Nijar ta raina abincinmu. Shekara da shekaru tana sha don kunya, ta dawo Boɗinga da jiri da ƙishirwa da yawan fitsari, ta kwana uku ba ta zo makaranta ba. Babu wanda ya nufe ta da sharri. Amma ciwon sukari bai san kara ba, a hankali yake cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

Abin da ya kawo gyara shi ne wata faccalarta da ta raka ta asibiti a Sakkwato, ta ji bayanin likita da kunnenta. Sallar da ta biyo baya, ita ta riga kowa magana a gaban uwar miji, ta ce, "Inna, likita ya hana Yaya zaƙi, a dama mata tata ba sukari, kaɗan." Tsohuwa ta ce, "Ashsha! Shi ne ba a faɗa mini ba?" Tun daga ranar kwanonta daban: nama, kwaɗon zogale, wake, tuwo ɗan daidai. Maganar da ta gagari baƙuwa shekaru, 'yar gida ta gama ta a zama ɗaya.

Azumi ma haka. Na 2024 da na 2025 duk sun shigo cikin Maris, ana tsananin zafi. Allah Maɗaukaki ya yi wa mara lafiya da matafiyi rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185, kuma duk wadda ta karanta Risala ta san hukuncin. Amma sau da yawa tsoron bakin mutane kan fi ƙarfin abin da aka karanta. Likitoci sun yi bayani cewa mai ciwon sukari ya ga likitansa tun kafin watan ya kama, domin akwai wanda zai iya azumi da gyaran magani, akwai wanda azumin haɗari ne gare shi. Wanda ya ɗauka, idan sukarinsa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a ma'aunin da ke lissafi da ɗaruruwa, ya sha ruwa nan take. Huda yatsa don awo kuwa ba ya karya azumi. Batun ramuwa ko ciyarwa, a tambayi malami a gaya masa abin da likita ya ce. Don Allah uwargida, in kin ga maƙwabciyarki tana cin abinci a ɓoye da rana, ki kama bakinki, ki kuma hana yaranki yi mata waƙa.

Sai tafiya, tunda an ce zumunta a ƙafa take. Zuwa Tawa sai ta shiga Sakkwato, ta bi ta Kware da Gwadabawa zuwa Illela, ta ƙetara Ƙonni, sannan ta sake mota. Wuni guda ne cikin rana. A jakar hannunta akwai na'urar awo, da allura naɗe cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, da ƙwayar sukari, da dabino, da ruwa, da kati mai bayanin ciwonta da Hausa da Faransanci. Ba ta yarda magani ya shiga kayan da ake ɗaurewa saman mota. Takalmi rufaffe take sawa, domin ƙafar mai sukari kan rage jin zafi, ƙaya ko yashi mai ƙuna ya ji mata ciwo ba ta sani ba. Kuma hanyar ba kullum take buɗe ba. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Cikin rufewar ta biyu aka yi bikin autarsu ba ta je ba. Ta waya ta ji guɗa. Lokacin kokowar Takobi ta Nijar, wadda aka fara a garinsu a 1975, za ki same ta maƙale da rediyo tana yanka kuɓewa, ta ce nan ne kawai take jin ƙamshin gida.

A Suratun Nisa'i, aya ta 36, Allah ya yi umarni da kyautata wa maƙwabci na kusa, ya kuma ambaci maƙwabcin da ba danginka ba, da matafiyi. Wannan baiwar Allah ta haɗa biyun ƙarshe. Haƙƙinta a kanki bai tsaya ga "sannu, ya jiki" ba. Ki san sunan ciwonta da inda take ajiye maganinta. Ki san alamun faɗuwar sukari: rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa, ruɗewar magana. In kin ga haka a wurin biki, kada ki ce iska ce a tsaya hayaƙi. In tana iya haɗiya, ba ta ƙwayar sukari uku ko huɗu, ko rabin kofin lemo. In ta suma, kada a ɗura mata komai a baki, a nemi mota zuwa asibiti. Ranar ganin likita ki karɓi yaranta. In mai lasifika ya zo kasuwa yana cewa garinsa na warkar da sukari cikin mako guda, kada ki saya mata, kada kuma ki bari ta ajiye allurarta saboda shi. In za ki aika mata abincin Sallah, ki tambaye ta abin da take ci.

'Ya'ya mata gare mu, kuma babu wadda ta san garin da aure zai kai tata. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa ciwon ya zame musu kaffara, ya haɗa 'ya'yanmu da maƙwabta nagari duk inda suka samu kansu. Sai mun sadu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.