Lahadin tashar Basam

Mu 'yan Maraɗi da muka girma a unguwar Tireshbil ta Abijan, a hannun iyayenmu masu sayar da garba, wato aceke (dambun rogo) da soyayyen kifi, ba mu san Lahadi da sunan hutu ba. Ranar ciniki ce. Tun da asuba kawuna yake ɗora kasko a bakin tashar Basam, a turmusa kifin tuna cikin fulawa, a jefa a mai, ni kuma ina yanka albasa da barkono har hawaye su zubo. Kafin rana ta yi sama tashar ta cika: malaman ofis, ma'aikatan tashar jirgin ruwa, 'yan makaranta, kowa da iyalinsa, ana ture-ture a ƙofar mota. Basam za su, kimanin kilomita 40 gabas da Abijan, su sha iskar teku. Kawu yakan ce, "Kai, ɗana, zuba masa aceke da sauri, motarsa za ta tashi!"

Sai da na girma na san hutun nan da wuya aka same shi. Har zuwa 1946 ana kama mutane aikin tilas a gonakin Turawa da hanyoyi, sai dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta soke shi. A 1952 kuma, bayan gwagwarmayar ƙungiyoyin ƙwadago, Faransa ta kafa dokar aikin awa 40 a mako a ƙasashen da take mulka. Wannan doka ta mai albashi ce. Ba ta taɓa isowa gaban kaskonmu ba, kuma har yau abin yana ci mini rai in na tuna dattawan da suka tsufa a tsaye.

Namu hutun Juma'a ce, ita ma rabinta. A rufe tebur, a sa babbar riga, a tafi masallaci, a dawo a baje tabarma, shayi na tafasa, ana jin labarin gida daga bakin wanda ya sauko jiya: ya damina, wa ya rasu, nawa buhun gero.

Basam ɗin kanta, babban birnin ƙasar na farko a mulkin mallaka tun 1893, wadda zazzaɓin shawara ya sa Turawa suka bar ta suka koma Banjabil, ran wata Litinin na fara ganinta. Kawu ne ya kai ni, don ranar ce kaɗai ciniki ke sauƙi. Ya hana ni shiga ruwan, ya ce tekun nan na jan mutum, sai muka sayi kwakwa muka zaga tsofaffin gidajen Faransawa, muka kamo motar la'asar saboda kifin gobe.