Wa Ya Kawo Shi?

Na san yawancin masu riƙe da wannan mujalla 'yan haya ne. Wanda bai samu gado a cikin makaranta ba yana can cikin gari, su uku ko huɗu a ɗaki guda, kuma in ana hira aka ambaci mai gidan haya ba a rasa mai yin tsaki. To ni daga ɗaya ɓangaren nake. Mahaifiyata mai gidan haya ce a Zango, in dai za a kira ɗaki uku da shago ɗaya gidan haya. Marigayi Baba ne ya gina su a jikin gidanmu da kuɗin sallamarsa na koyarwa, ya ce ko bayan ransa kada mu rasa na cefane. Tun da ya rasu a ƙarshen 2021, ɗakunan nan su ne albashin Inna, su ne kuɗin makarantarmu mu biyar.

Mutumin da zan ba da labarinsa ba zan faɗi sunansa ba, mu kira shi Mai Shago. Ya zo mana a farkon 2021, jim kaɗan bayan an buɗe iyakar da aka rufe tun watan Agustan 2019, ya kama shagon da ɗaki biyu a kan naira 15,000 a wata. Kayan gyaran babur yake sayarwa, kuma rabin cinikinsa na mutanen Nijar ne, masu shigowa daga wajen Matamaye da Magarya. Ranar Lahadi yakan ɗauki kaya ya kai kasuwar Mai'aduwa. Kusan shekara biyu bai taɓa sa an tambaye shi kuɗi ba. Matarsa da Inna kwano ɗaya suke musayar tuwo, 'ya'yansa da ƙannena allo ɗaya suke zuwa.

Daga Disambar 2022 biya ya tsaya. Da farko ya ce a jira, sai ga canjin kuɗi ya zo a farkon 2023, takardar naira ta ɓace a hannun kowa. Ana farfaɗowa aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, masu babur suka rage hawa, balle gyara. Sai juyin mulkin Nijar ranar 26 ga Yuli, aka sake rufe iyaka. Wanda bai zauna a garin bakin iyaka ba ba zai gane yadda kasuwa ke mutuwa a mako guda ba. Muna ganinsa a bakin shago daga safe har la'asar yana kaɗe ƙura a kan kayan da ba mai tayawa. Wa zai iya buɗe baki ya tambaye shi haya?

A watan Fabrairun 2024 ya kwashe iyalinsa ya koma Mararaba a Jihar Nasarawa, wajen wani ɗan'uwansa. Ba gudun dare ya yi ba, wannan dole in faɗa. Ya shigo ya durƙusa ya gaida Inna, ya ajiye makulli, ya ce, "Inna, ki yi mani haƙuri zuwa bayan ƙaramar salla, in Allah Ya yarda ko kwabo ba zai rage ba." Ya bar wani tsohon firji a zaure, wai jingina. Aka buɗe littafin Baba, wani littafin rubutu mai bango ja da yake shigar da kowace haya, wanda na ci gaba da cikawa bayansa. Wata 15, naira 225,000, da kuɗin wuta 20,000. Ya sa hannu a ƙasa. Wata guda bayan tafiyarsa aka buɗe iyakar.

Salla ta zo ta wuce, babbar ma ta wuce. Bin bashi ta waya yana da matakai, duk wanda ya taɓa yi ya san su. Akwai lokacin gaisuwa mai tsawo da "ƙarshen watan nan insha Allahu". Akwai lokacin "ina kan hanya, zan kira ka". Daga nan sai wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne ranar da na ga ya sa hotonsa a WhatsApp, tsaye a cikin wani shago cike da tayoyi har rufi, a makon da ƙanwata ke kuka a kan kuɗin jarrabawar NECO. Na kai wa Inna wayar. Ta duba, ta miƙo mani, ta ce, "Ka bar shi da Allah." Na ce, "Inna, Allah ai bai hana a nemi hakki ba." Ba ta amsa ba. Inna tana cikin mutanen da tambayar kuɗinsu ke ba su kunya fiye da cin bashi, kuma irin wannan kunyar mai ƙaramin ƙarfi kawai take cuta.

Shawara kuwa na sha ta. Abokaina a aji suka ce in kai shi wajen 'yan sanda. Malaminmu na dokar kasuwanci ya ce in ma cire wannan a raina: sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko ana bin sa bashi. Bashi ba sata ba ne. Wasu suka ce in sa hotonsa a Facebook in tona shi. Wannan ban ko kai wa Inna ba, don na san za ta tuna mani cewa 'ya'yansa a tsakar gidanmu suka koyi tafiya.

Saura kotu. A nan malamin ya zaunar da ni ya yi mani bayani dalla-dalla, kuma gaskiya hanya tana nan, ba a toshe take ba. Tunda gidan a Zango yake, a nan aka ƙulla hayar, muna iya shigar da ƙara a gida. Akwai dokar tarayya, Sheriffs and Civil Process Act, da ta tsara yadda sammacin kotun wata jiha ke isa hannun mutum a wata jiha: sai an rubuta a jikinsa cewa a wajen jiha za a isar da shi, kuma sai an ba wanda ake ƙara wa'adin da bai gaza kwana 30 ba. In ka yi nasara, ka karɓi takardar shaidar hukunci, ka kai ta kotun can inda yake, a yi mata rajista, sannan ma'aikatan kotun can su zartar, ko ta kama kayansa ko ta asusunsa na banki. Ya kuma ba ni labarin kotunan ƙananan basussuka da Legas ta fara a 2018, Kano ta biyo a 2019, inda mutum ke iya tsayawa da kansa ba lauya. Hujja kuma muna da ita: ga sa hannunsa, ga saƙonnin murya da ya yi iƙirari da bakinsa.

Na koma ɗaki na ɗauki biro, tunda akanta nake karantawa. Kuɗin shigar da ƙara, kuɗin kai sammaci, motar Zango zuwa Daura, Daura zuwa Kano, Kano zuwa Abuja, a tsallaka Mararaba, a kwana, a dawo, kuma ba sau ɗaya ba. Ga darussan da zan rasa. Lissafin ya kusa cinye rabin bashin tun ba a ga kwabo ba. Ga shi kuma kuɗin suna narkewa a inda suke, don a shekarar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Buhun geron da naira 225,000 za ta saya ranar da ya sa hannu, ba shi za ta saya ba ranar da za a yanke hukunci.

Amma abin da ya fi tsaya mani a rai ba kuɗin mota ba ne. Addini ya ba mu umarni biyu a kan wanda ake bi bashi. A Suratul Baƙara an ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. A hadisi kuma an kira jan ƙafar mai hali zalunci. Duka biyun a bayyane suke, matsalar ita ce sanin wanne ne a gabanka. Lokacin da yake Zango ba ma buƙatar tambaya. Mun san ranar da aka ɗora tukunya a ɗakinsa da ranar da ba a ɗora ba, mun san ko ya yi layya. Da ya tsallaka jiha uku, abin da ya rage mana shi ne hoto a waya da murya mai cewa "wallahi babu". Nisa ya ɓoye mana ko mai hali ne ko marar hali. Sammaci zai iya isa Mararaba, amma ba zai dawo mana da wannan amsar ba.

Kawu, yayan Inna, tsohon dillalin shanu ne, bai yi boko ba. Ya saurari duk bayanin dokar tarayya har na gama, sannan ya ce, "Kai yaro, wa ya kawo shi?" Na ce ban gane ba. Ya ce, "Ubanka ba ya ba baƙo makulli haka nan. Wani ya riƙo hannunsa ya kawo shi. Duba littafin." Na duba shafin farko, ga shi kuwa da rubutun Baba: ta hannun Alhaji wane, wani dattijo mai sayar da kayan babur a Daura.

Daga baya na gane tambayar Kawu ta girme shi. Sunan garinmu ma masaukin matafiya yake nufi, kuma haka fatake suka yi ciniki daga ƙasar Hausa har Gwanja ba tare da kotun da ta haɗa su ba: baƙo ba ya ciniki sai ta hannun mai masaukinsa, shi ke tsaya masa, shi ake kamawa in ya saɓa. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan ya rubuta littafi a 1969 a kan yadda Hausawa ke sayar da shanu bashi ga mahauta a can, masu gida suna lamuni, kuma wanda ya ci amana kasuwa ce gaba ɗaya ke juya masa baya. Mutum yana iya barin gari, amma da wuya ya bar mutanen da yake cin abinci ta hannunsu.

Muka je Daura ni da Kawu. Alhajin bai yi mamaki ba, sai dai ransa ya ɓaci da ba a zo masa da wuri ba. Ya ce, "Sunana ne a littafin marigayi, ba nasa kaɗai ba." A gabanmu ya kira wani babba cikin masu sayar da kayan babur a Mararaba, mutumin Kazaure, wanda suke sari wuri ɗaya a Kano. Kwana huɗu aka yi amsa ta dawo, kuma ba wadda nake so ba ce. Shagon da na gani a hoto ba nasa ba ne. Yaron shago ne a wajen ɗan'uwan nasa, ana sallamarsa a ƙarshen wata, iyalinsa na ɗaki ɗaya a bayan gari. Amma kuma ba a ce ba shi da komai ba: ya sayi sabuwar waya, yana zubin adashi, kuma akwai wani bakanike a Zango da yake bi naira 90,000 na kaya tun kafin ya tashi. Wato ba fir'aunan da na zana a raina ba ne, ba kuma miskinin da yake nunawa a waya ba. Mutum ne da ya jera masu bin sa bashi, ya sa tsohuwar da ba ta magana a ƙarshen layi.

Aka haɗa waya ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Alhaji da Kawu da ni a nan, shi da dattijon Kazaure a can. Wanda ya yi wata biyar ba ya ɗaukar kirana, sai ga shi yana "ranka ya daɗe" murya na rawa. Alhaji bai zage shi ba. Cewa kawai ya yi, "Ni na kai ka gidan marayu. Ka fitar da ni kunya."

Mafitar da aka samu sunanta hawala, kuma sai a ranar na san cewa abin da muka karanta a Risala muna yara yana aiki a kasuwa. Mai Shago ya mayar da Inna kan bakaniken nan, ya zama ita yake biya naira 90,000 ɗin. Kawu bai yarda nan take ba, sai da ya kwana biyu yana bincike a kan bakaniken, domin a mazhabar Malikiyya in ka karɓi hawala wanda ya tura ka ya fita, ba ka komawa kansa sai in ya san wancan ya talauce ya ɓoye maka. Da ya tabbatar garejin na ci, aka rubuta, shaidu biyu suka sa hannu. Bakaniken ya biya a kashi uku, kuma bin sa bai yi wuya ba, don kullum sai ya wuce ta ƙofar gidanmu in zai tafi aiki. Sauran 135,000 aka yanka masa 10,000 duk wata, ta asusun Inna, dattijon Kazaure na ganin rasit. Kuɗin wutar kuwa Inna ta ce ta yafe, ba ta shawarci kowa ba. Ni dai da an tambaye ni da ban yafe ba.

Ya biya wata biyar a jere, ya tsaya wata biyu, Alhaji ya ɗaga waya sau ɗaya, ya ci gaba. Zuwa ranar da nake wannan rubutu an ga alat bakwai, saura naira 65,000. Da kuɗin bakaniken ƙanwata ta zauna jarrabawarta a shekarar da ta biyo, da na wata-watan nake buga furojet ɗina. Firjin yana nan a zaure, mai gyara ya ce injinsa ya ƙone tun kafin a bar mana shi, yanzu Inna na ajiye tsaba a ciki saboda ɓera.

In na gama jarrabawar ƙarshe zan tafi Kano aikin koyon sana'a na shekara guda, don haka na damƙa wa ƙanwata littafin mai bango ja. Na nuna mata shafin Mai Shago da lambar Alhaji, na ce in goma ga wata ta wuce ba ta ga alat ba, kada ta kira Mararaba, ta kira Daura.